Manhajar makaranta tana nuna "an aika", amma sakamako bai isa wurin iyaye ba

Ɗan Rikkos:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimako, kwana uku ke nan abin nan ya hana ni barci.

Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a nan Jos, ta wajen titin Bauchi, firamare da ƙaramar sakandare. A hutun da ya wuce muka rabu da kamfanin da ke riƙe mana manhajar sakamako, domin kuɗin da suke yanka wa kowane ɗalibi ya fi ƙarfinmu. Na kama hayar ƙaramar saba (server, wato kwamfutar da manhaja ke zama a kanta a intanet) a ƙasar waje, na ɗora Ubuntu, na zuba manhajar da hannuna. Da Laravel aka rubuta ta. Na sa Postfix domin tura imel: rasit in an biya kuɗin makaranta, da takardar sakamako a ƙarshen zango. Akwatunan imel na malamai kuwa ba a kan sabar suke ba, suna Google Workspace, da sunan makarantar da ke ƙarewa da .sch.ng.

Ranar Alhamis muka rufe zangon farko. Bayan la'asar na danna tura sakamako ga iyaye 540. Manhaja ta nuna kore, "an aika" gaban kowane suna. Na kulle ofis na tafi gida hankali kwance. Ana saukowa daga Juma'a kira ya fara shigowa. Jiya Asabar da sassafe, cikin sanyin nan da ake yi, wani dattijo daga Gangare ya zo har ƙofar makaranta, rawani har kunne, ya miƙo min wayarsa ya ce, "Malam, kai ka iya, duba min da kanka." Jikokinsa uku ne a wurinmu, shi ke biya musu. Na duba akwatinsa, na duba wurin da ake jefa saƙonnin banza, na rubuta sunan makaranta na nema. Babu komai. Bai yi faɗa ba, godiya ma ya yi ya hau Keke ya koma, kuma wannan ne ya fi ci min rai.

Abin da na tattara zuwa yanzu: masu Gmail, waɗanda su ne mafi yawa, ban samu ko mutum ɗaya da ya ce ya gani ba. Masu Yahoo, biyu sun ce ya shigo musu cikin dare, sauran shiru. Sannan akwai wani abu da tun watan Satumba Hajiya mai kula da kuɗi take min magana a kai: kowane rasit an tsara a tura mata kwafi a adireshinta na makaranta, ita kuma ta ce ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba. Na sha ce mata ta ƙara dubawa. Yanzu na fara ganin gaskiyarta. Iyaye ba su yi ƙorafin rasit ba saboda ana ba su na takarda a hannu.

Na karanta cewa sai an sa SPF, wato layin da ke nuna sabar da ke da izinin tura imel da sunan makaranta, sai na shiga DNS, kundin da ke riƙe bayanan sunanmu na intanet, na ƙara layi ɗaya da adireshin sabar. Na kashe sabar na kunna. Na tura wa kaina gwaji, bai zo ba. Shugaban makaranta ya ba ni zuwa Laraba, in bai gyaru ba mu buga takardu 540 iyaye su zo su karɓa cikin hutu. Don Allah ta ina zan fara?

Na Kubwa:

Wa'alaikumus salam. Sannu ɗan uwa, Allah ya kawo mafita. Ina kyautata zaton ƙofa ta 25, wadda sabobi ke miƙa wa juna imel ta cikinta, aka rufe maka. Yawancin masu ba da hayar saba suna toshe ta ga sababbin abokan ciniki saboda masu tura saƙonnin banza, Google Cloud ma a toshe take gaba ɗaya. Gwada wannan daga cikin sabar:

nc -vz gmail-smtp-in.l.google.com 25

In ya tsaya yana jira bai amsa ba, to ita ce. Ni da na yi irin wannan aiki a wani shago a nan Abuja, Gmail ɗina kawai na haɗa ta ƙofa ta 587 da kalmar sirri ta manhaja mai haruffa 16, na huta.

Injiniya 'Yar Bukur:

Sannu da ƙoƙari ƙanena. Na Kubwa, gwajinka mai kyau ne, amma ka lura ya ce masu Yahoo biyu sun samu. Da a toshe ƙofar take, da ko ɗaya bai fita ba. Batun Gmail na ƙashin kai kuma, iyakarsa saƙo 500 a yini, shi kuwa 540 gare shi, ban da cewa bai dace sakamakon 'ya'yan mutane ya riƙa fita daga akwatin mutum ɗaya ba. Gobe in ya bar aikin fa?

Ɗan Rikkos, fara cire koren nan daga ranka. Ka san in za ka aika saƙo Kano, kakan je tasha ka damƙa wa ɗan kamasho, ya karɓa ya ce ka tafi abinka. "An aika" ɗin manhajarka iyakarsa ke nan: ta miƙa wa Postfix, Postfix ya karɓa. Ko mota ta tashi, ko an maido da kayan daga hanya, ko suna nan jibge a rumfa, manhajar ba ta da labari. Mai labarin shi ne fayil ɗin da Postfix ke rubuta duk abin da ya yi. Kada ka ƙara taɓa DNS sai ka karanta shi.

grep status= /var/log/mail.log | tail -n 60

postqueue -p

postconf mydestination myhostname relayhost

Na ranar Alhamis wataƙila sun koma mail.log.1, ka duba can ma. Ka goge sunayen mutane kafin ka liƙa mana. Ka kuma kawo duk layukan TXT da ke kan sunan makarantar a DNS, inda ka sa SPF.

Abu ɗaya ka yi yanzu yanzu kafin komai: postsuper -h ALL. Postfix yana ta sake gwada saƙon da ya maƙale har kwana 5, daga nan ya haƙura ya mayar wa mai shi. Alhamis ka tura, Talata wa'adin zai cika. In ka tsare su da wannan umarni, ba za su mutu a layi ba sai ka sake su da kanka.

Ɗan Rikkos:

Na gode Yaya, na tsare su. Guda 61 ne a layi, duk na Yahoo. Ƙofa ta 25 a buɗe take, Na Kubwa, ta amsa nan take. Ga abin da na gani, iri huɗu ne suke ta maimaituwa:

to=<...@gmail.com>, status=bounced (host gmail-smtp-in.l.google.com said: 550-5.7.26 ...

to=<...@yahoo.com>, status=deferred (... 421 4.7.0 [TSS04] ...

to=<bursar@...>, relay=local, status=bounced (unknown user: "bursar")

to=<admin@...>, relay=local, status=sent (delivered to mailbox)

A mydestination akwai sunan makarantar, da localhost. Relayhost babu komai. TXT kuma layi biyu ne masu farawa da v=spf1, tsohon na Google da wanda na ƙara jiya. Layin admin na ƙarshen nan ne ya ɗaure min kai. Ya ce an isar da saƙon admin, to ai ni ke riƙe da akwatin admin a Google, kuma ban ga komai ba.

Injiniya 'Yar Bukur:

Madalla. Yanzu muna ganin hanya. Matsala biyu ce daban, kada ka haɗa su.

Bari in fara da ta Hajiya, don ita ce mai sauƙin gyara kuma ita ta ɓoye maka ɗayar. Lokacin da kake ɗora Postfix a Ubuntu, wani shafi mai launi ya fito ya tambaye ka sunan da sabar za ta riƙa amfani da shi wurin imel, kai kuma ka rubuta sunan makarantar. Kowa haka yake yi a karon farko. To wannan suna shi ne ya shiga mydestination, ma'anarsa kuwa ka ce wa Postfix, duk wasiƙar da ke ɗauke da wannan suna ta gidan nan ce, kada ka fita da ita. Sauran duniya in za su aiko wa makarantarku imel, sai sun tambayi DNS, bayanin MX ya nuna musu Google. Sabarka ita kaɗai ce ba ta tambaya, don a ganinta ita ce gidan. Shi ya sa ka ga relay=local. Ta duba cikin masu asusu a kan Ubuntu ba ta ga wani bursar ba, ta ce ba ta san shi ba. Admin kuwa na tabbata ka buɗe asusu da wannan suna a kan sabar, sai ta zuba masa wasiƙunsa a /var/mail/admin ta rubuta cewa ta isar. Ba ƙarya ta yi ba. Je ka buɗe wannan fayil, za ka ga abin mamaki. In da adireshin admin manhajar ke turawa, to duk takardun da Gmail ya maido suna nan a ciki tun Satumba.

Gyaran:

postconf -e 'mydestination = $myhostname, localhost'

Ka tabbata myhostname ba sunan makarantar tsurarsa ba ne, ka ba sabar nata suna, misali ka sa "saba" da ɗigo a gabansa, ka yi masa bayanin A a DNS. Sai postfix reload. Masu amfani da cPanel su ma wannan ciwon yana kama su, a can ana zuwa Email Routing ne a mayar da shi Remote.

Ta biyu ita ce ta Gmail. Lambar 5.7.26 tana nufin saƙo ya zo da sunan makarantarku amma babu shaidar cewa ku kuka aiko shi. Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara: duk mai turo musu saƙo sai ya zo da SPF ko DKIM, mai tura sama da 5,000 a yini kuma sai ya haɗa duka biyun har da DMARC, layin da ke gaya wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya kasa kawo shaidar. Microsoft ma ta bi sahu a watan Mayun 2025 ga masu tura da yawa zuwa Outlook. Ku ba ku kai 5,000 ba, amma ko ƙaramin sharaɗin ba ku cika ba. Tsohon SPF ɗinku cewa yake yi Google ne kaɗai ke da izinin tura saƙo da sunanku, sabarka ba ta ciki. Da ka ƙara layi na biyu jiya kuwa, ka ƙara ɓata lamarin, domin ƙa'ida layi ɗaya tak ake yarda da shi. In mai dubawa ya tarar da biyu, duka yake watsarwa. Wato daga jiya zuwa yau har imel ɗin da malamanku ke turawa daga Google yana cikin haɗari. Goge ɗaya yanzu, ka haɗe su haka:

v=spf1 ip4:adireshin-sabarka include:_spf.google.com ~all

Kada ka cika shi da include barkatai nan gaba, iyakar tambayoyin DNS da aka yarda SPF ya jawo 10 ne.

Sai PTR, wanda mutane ke yawan mantawa. Shi ne amsar da ake samu in aka ɗauki adireshin IP aka tambaya na wane ne. Ba a wurin da ka yi rajistar sunan makaranta ake sa shi ba, a shafin masu ba ka hayar saba ne, don su ke da adireshin. Ka sa shi ya yi daidai da myhostname, sunan kuma ya koma kan wannan IP ɗin. Duba da dig -x. In babu shi, kana gama da 5.7.26 Gmail zai tare ka da 5.7.25. DKIM kuma sa hannu ne a kan kowane saƙo: ka ɗora OpenDKIM, ka yi makulli mai 2048, ka ajiye rabinsa na fili a DNS. Yana da tsawo, ya wuce haruffa 255 da guntu ɗaya na TXT ke ɗauka, don haka wasu shafukan sai ka raba shi biyu. A nan na fi ganin yara suna kuskure, a liƙa shi da rabi a yi ta mamaki.

Na Yahoo ba kora ba ce. Lambar da ta fara da 4 tana nufin dakata ka dawo, mai farawa da 5 ita ce kada ka dawo. Sun ga baƙon adireshi ya kwararo musu saƙo a lokaci guda, suka ja birki.

Baban Wuse:

Injiniya ta gama magana, Allah ya ƙara basira. Duk abin da ta faɗa daidai ne, kuma gyaran mydestination da na SPF ba su da makawa. Amma ni da furfurata a wannan aiki, shawarata ga yaron nan ita ce kada sabarsa ta riƙa kai saƙo ƙofar mutane da kanta sam.

Dalili, adireshin IP na haya kamar ɗakin haya ne, ba ka san wanda ya zauna kafin kai ba, ba ka san abin da maƙwabta ke aikatawa ba. Kana iya cika kowane sharaɗi amma ka tarar sunan unguwar gaba ɗaya ya ɓaci. Je ka Spamhaus ko MXToolbox ka duba adireshinka ka gani. Sannan irin turawarku ita ce mafi wahalar gina suna da ita: wata uku shiru sai ɗan rasit, rana ɗaya kuma 540. Kai kaɗai ne a makarantar, ga firinta, ga janareta, ga ɗakin jarrabawa. Yaushe za ka zauna gadin sunan IP?

Tunda kuna da Workspace, ku bi ta cikinsa. A shafin mai kula akwai wurin SMTP relay ƙarƙashin Gmail, ka sa adireshin sabarka a matsayin wadda aka yarda da ita, ka zaɓi adireshin makaranta kaɗai ke iya turawa. A Postfix kuma:

relayhost = [smtp-relay.gmail.com]:587

smtp_tls_security_level = encrypt

Bakan nan masu kusurwa kada ka cire su, su ke hana shi neman MX na wannan suna. Ka kunna DKIM a shafin Google ɗin, don ba ya sa hannu da sunanku sai ka ɗauko makullin ka sa a DNS ka dawo ka danna farawa. In ka yi haka, SPF na Google shi kaɗai ya wadatar. Ka ƙara DMARC a _dmarc da p=none tukuna, wato a sa ido kawai ba tare da an kori saƙo ba, ka sa rua domin rahoto ya riƙa zuwa maka, ka yi makonni kana kallo. Kada zafin nama ya sa ka fara da p=reject, mai cewa a kori duk saƙon da ya faɗi, na ga ofishin da suka yi haka suka wayi gari saƙon albashinsu ba ya shiga. Waɗanda ba su da Workspace akwai irin su Amazon SES da Brevo, amma na kyautar Brevo 300 ne a yini, sauran kuma sai ka shirya biya da dala.

Ka rage gudu ma. Sa smtp_destination_rate_delay na daƙiƙa 2 ko 3, duka 540 ɗin ba za su kai rabin awa ba.

Akwai wani abu da ya fi damuna fiye da wannan duka. Takardar sakamako kake liƙawa a jikin imel, da sunan yaro da ajinsa, wataƙila har da hotonsa. Adireshin iyayen nan da biro aka rubuta su a fom, wata ta kwafe a kwamfuta. Harafi ɗaya ya kuskure, sakamakon 'yar mutane ya faɗa hannun wanda ba a sani ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kan makarantu kamar yadda ta hau kan bankuna, kuma ko babu doka amana ce. Ka tura sanarwa da mahaɗi kawai, uba ya shiga da lambarsa ya gani.

Ɗan Rikkos:

Alhamdu lillahi. Baba, Yaya, Na Kubwa, Allah ya saka da alheri, Allah ya jiƙan mahaifa.

Daren Lahadi na buɗe /var/mail/admin kamar yadda Yaya ta ce. Na yi ta gangarawa ba ya ƙarewa. Takardun da aka maido tun makon farko na Satumba, kowace da dalilinta a rubuce ƙarara, har da saƙon wata uwa da ta cike fom ɗin tuntuɓa a watan Oktoba tana neman a canza wa ɗanta motar makaranta saboda sun tashi daga Anguwan Rogo sun koma Rikkos. Ba wanda ya amsa mata. Na daɗe zaune ina kallon wannan saƙo. Litinin da safe na kira ta na ba ta haƙuri, na kuma je ofishin Hajiya na ba ta nata haƙurin, don wata uku tana faɗin gaskiya ina cewa ta ƙara dubawa.

Na gyara mydestination, na mayar da SPF layi ɗaya, na bi shawarar Baba na bi ta Google. PTR ma na sa, tunda ba ya cin komai. DKIM ya ɗan ja ni, sai da na jira kusan awa ɗaya kafin shafin ya ga makullin. Da na tura wa kaina gwaji na buɗe Show original, SPF, DKIM da DMARC duk PASS. Na saki 61 ɗin nan da postsuper -H ALL, na zauna da tail -f ina kallo suna fita ɗaya bayan ɗaya. Na Gmail kuwa tunda an riga an maido su, sai da na sake turawa daga manhaja, na ware na Yahoo don kada su samu sau biyu. A wannan karon mahaɗi na tura, ban liƙa takarda ba.

Guda 23 sun sake dawowa, amma yanzu a akwatina suke dawowa ina gani. Tara an rubuta gmail.con ko gamil.com, huɗu akwatinsu ya cika, sauran an ce babu mai wannan adireshi. Na buga jerin na ba malaman azuzuwa su kira iyayen. Dattijon Gangare yana cikin taran nan, an juya masa haruffa biyu a fom, wato ko da komai lafiya lau yake ranar Alhamis, nasa ba zai je ba. Na gyara na tura, na kira shi yana riƙe da wayar har ya ce ya shigo.

Tambaya ɗaya ta rage min, Yaya. Rahoton DMARC na farko ya iso yau da asuba, fayil ne na XML a ƙunshe. Na ga adireshin Google a ciki, amma akwai wani IP guda da ban sani ba, ya tura saƙo 14 da sunan makarantar, SPF da DKIM duk sun faɗi. Ina zargin tsohon kamfanin da muka bari ne har yanzu manhajarsu ke tura wa iyaye tunatarwar biyan kuɗi. Ta yaya zan tabbatar kafin in kira su?